Yadda Ake Gyara Wandon Gwanjo a Gida Ya Zauna Daidai Jiki

Wandon gwanjo ba da awon jikinmu aka yanka shi ba. Wani dogon Bature ne ko wani mai teɓa a Ingila ko Amurka ya sa shi ya gaji, aka matse shi cikin dila, ya biyo teku har ya iso mana. Shi ya sa da wuya ki ɗaga wando a Ƙofar Wambai ko Kasuwar Barci ta Kaduna ki ga ya zauna cif a jikin wanda kika saya wa. Ko ƙugu ya yi yawa, ko ƙafa tana sharar ƙasa, ko kuma faɗin ƙafar ya ishi mutum biyu. Amma yadin sau da yawa ya fi na sabon wando mai araha ƙwari nesa ba kusa ba. Ana cewa araha ba ta ado. Ni dai na daɗe ina musun wannan magana da keken Butterfly na ƙafa da aka kawo ni gidan miji da shi, domin wandunan maigida da na samarina uku duk ta hannuna suke bi.

Kayan aiki

Ki tanadi tef ɗin awo, almakashi mai kaifi wanda ba a yanka leda ko takarda da shi, alli, fil, allurar hannu, reza sabuwa ko ɗan abin farke ɗinki, da dutsen guga. In babu allin tela, guntun sabulun wanka da ya sirance ya ishe ki, yana zane a baƙin yadi sarai kuma yana fita da wanki. Kada ki yi zane da biro.

Allurar keke kashi biyu za ki ajiye: lamba 14 don wandon yadi da kaki marar kauri, lamba 16 ko 18 don jins. Ki sayi fiye da ɗaya, domin a jins ɗin farko sai kin karya. Zare kuwa ki tafi da wandon shagon kayan tela ki ɗora a kai. In ba a samu launin daidai ba, ɗauki wanda ya ɗan fi duhu, shi yake ɓoyewa. Jins yana bukatar zare mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan lemo irin na jikinsa. Sai ƙaramar guduma ko taɓarya, za ki ga amfaninta a gaba.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi tef ɗin ma amfani: wani tsohon wando da ya zauna wa mai shi daidai. Shi ne ma'auninki.

1. Gyara daga kasuwa yake farawa

Ba kowane wando ne yake gyaruwa ba. Tsawo abu ne mai sauƙi, ƙugu yana raguwa, ƙafa tana tsukewa. Amma wandon da ya matse mutum a cinya ko a mazaunai, ko wanda hantsarsa ta yi gajarta har yana ɗaurewa, wannan ki ajiye wa mai shi komai kyansa, babu inda za ki samo yadin da za ki ƙara. Saboda haka ki yi zaɓe da faɗin mazaunai da cinya, ki bar sauran wa keke.

Kafin ki fita, shimfiɗa tsohon wandon nan ki auna ƙugu daga gefe zuwa gefe, faɗin mazaunai, faɗin cinya daga hantsa, da tsawon hantsar daga bakin ƙugu. Rubuta a takarda ki tafi da tef ɗinki. Lambar da ke jikin wando jagora ce kawai. In kin ga W32 L34, zagayen ƙugu inci 32 ne, tsawon ƙafa ta ciki inci 34. In kin ga 48 ko 50 ko 52, awon Turai ne, ki cire 16 ki samu kusan awon ƙugu da inci, wato 50 yana wajen 34. Duk da haka ki auna, domin wando ya sha wanki, wani ma an taɓa gyara shi a can. Dabarar nan ta naɗa ƙugun wando a wuya da samari suke yi a gaban 'yan gwanjo, ƙugu kaɗai take nunawa, ba ta san zancen cinya ba.

Ɗaga hantsar wandon ki kalli rana ta cikinta. In haske yana ratsowa, yadin ya cinye, wata ɗaya ba zai yi ba. Ja zif sama da ƙasa, sa hannu cikin aljihu ki ji ko a huje yake. Sannan ki juya bayan wandon ki duba ɗinkin tsakiya: wandon kwat na kirki ana bar masa rarar yadi a nan, wani har inci ɗaya da rabi kowane gefe, don a ƙara ko a rage. In zagayen ƙugun ya fi na mai shi da inci 2, gyara ne mai sauƙi. Inci 3, da dabara. Ya wuce haka, aljihunan baya za su haɗe wuri ɗaya kamar masu raɗa.

2. Wanki kafin awo

Kada ki auna wandon da ba a wanke ba. Warin dila ba ya fita sai an jiƙa, kuma yadin auduga yana iya ɗan shiga bayan wanki. Ki jiƙa shi da omo da ɗan Dettol, ki wanke shi daban in mai zuba ne, ki juya cikinsa waje ki shanya a inuwa. In ya bushe ki goge shi. Wandon da ya yamutse ƙaryar awo yake bayarwa.

3. Gwaji a jikin mai shi

Mai wando ya sa shi, ya ɗaura a inda ya saba ɗaurawa, da takalmin da zai riƙa sawa. Ki tsaya a bayansa ki kama rarar ƙugu a tsakiyar baya daidai, ki soke da fil, ki ci gaba da kamawa ƙasa har inda rarar ta ƙare. Ki bar wurin da yatsu biyu za su shiga ƙugu, don mutum yana cin tuwo. Yi alama da alli a gefe biyu na abin da kika kama.

Yanzu ki sa shi ya zauna a kujera, ya tsuguna, ya yi zaman tahiya. Wannan gwajin ba na tsallake shi. Wando yana iya yin kyau a tsaye, a je sujada ya ce ɓarrr a tsakiyar sahu.

Tsarin aikin kuma kada ki sauya shi: ƙugu da mazaunai tukuna, sai faɗin ƙafa, tsawo a ƙarshe. Dalili shi ne, da zarar ƙugu ya kama, wandon zai hau sama, tsawon da kika auna da farko ya tashi daga aiki. Na taɓa yanke ƙafa kafin in rage ƙugu, wandon babban yaya ya koma na ƙaninsa.

4. Rage ƙugu

Wandon yadi ko na kwat shi ne mai daɗin aiki, domin ƙugunsa a rabe yake a tsakiyar baya, ɗinki ɗaya ne ya taho daga hantsa har sama. Juya wandon. Cire ɗan hannun bel na tsakiya ki ajiye shi inda ba zai ɓata ba. Farke 'yan ɗinkin da suka riƙe shafin ƙugu ta ciki, ki buɗe shi ya miƙe. Abin da za ki rage ki raba shi biyu: in inci 2 ne, sabon layinki zai shiga inci 1 daga tsohon ɗinki, tunda yadi biyu ne a haɗe. Nan sababbin hannu suke faɗawa, su shiga inci 2 gaba ɗaya, wando ya ragu da 4.

Ja layi da alli daga saman ƙugu, ya sauko yana matsowa a hankali har ya narke cikin tsohon ɗinki kamar inci 6 ko 7 a ƙasa, kafin lanƙwasar hantsa. Kada layin ya yi kwana, in ya yi za ki ga ɗan tsini a bayan mutum kamar jelar agwagwa. Tabbatar ɗinkin da ya haɗa ƙugu da jikin wando ya yi daidai a gefe biyu, soke shi da fil a wurin. Ki fara kamawa da allurar hannu, manyan ɗinki, da zare mai wani launi, a sake gwadawa. Sai ya yi sannan ki hau keke, ki bi layin sau biyu don wurin yana ɗaukar nauyi. Farke tsohon ɗinkin, buɗe rarar biyu ki kwantar da guga. Ni ba na yanke rarar nan sai in ta yi yawa har tana damun mai sawa, domin mutum yana ƙiba, yaro yana girma. Mayar da shafin ƙugu ki kama da hannu, ki ɗora hannun bel a kan mahaɗar.

Jins ya fi taurin kai. Ƙugunsa guda ne bai rabu ba, ɗinkin bayansa kuma a naɗe yake da layi biyu. Cire hannun bel na tsakiya, ki yi hankali da reza a nan, ɗinkin a cushe yake, ki riƙa yanka zaren ɗaya-ɗaya kina kallon bakin rezar yana fuskantar zare ba yadi ba. Farke ƙugu daga jikin wando kamar inci 4 hagu, inci 4 dama. In tambarin fata yana kan hanya, ɗaga gefensa ɗaya. Farke ɗinkin tsakiya har ya wuce mahaɗar nan mai kamar V da ke sama da aljihu, ki sauka kusa da lanƙwasa. Ɗinka sabon layi ta ciki, ki lura hannun V ɗin biyu su haɗu a wuri ɗaya, don ido yana saurin kama karkacewarsu. A jins dole ki rage rarar, ki bar rabin inci, ki kai a yi mata wibin, wato ɗinkin da ke naɗe bakin yadi don kada ya zare. In babu mai wibin kusa, yi zigzag, in kekenki ba ya yi, ki bi bakin yadin da allurar hannu kina naɗewa. Kwantar da rarar gefe ɗaya, ki juya waje ki bi da layi biyu na zare mai kauri kamar yadda yake tun asali. Zare mai kaurin a sama kawai za ki sa, na ƙasa ya zama na kullum, ki ƙara tsawon ɗinki. In ba ki samu mai kauri ba, zura zare biyu cikin allura ɗaya.

Sai ƙugun kansa. Yanke shi a tsakiya, ki cire daidai abin da kika rage a jiki amma ki bar rabin inci kowane gefe na haɗi. Buɗe ninkinsa, haɗa, goge, mayar da shi ya ci bakin wando, ki ɗinke. Hannun bel zai rufe mahaɗar, ba mai sanin an taɓa.

In wannan ya yi miki yawa, ko wandon yaro ne, roba ta isa. Tsaga shafin ciki na ƙugu kaɗan kusa da gefen hagu, ki yi haka a dama, ki kula kada ki huda na waje. Soka fil mai kulle a bakin roba mai faɗin kamar inci 1, ki zura ta cikin ƙugun kamar yadda ake zura mazagi a ƙubaka. Ɗinke gefe ɗaya, ja har ya kai yadda kike so, ɗinke ɗayan. Bayan zai ɗan tattare, amma riga tana rufewa, kuma yaro in ya girma sai ki cire robar.

In kuwa ƙugun matsewa ya yi, wandon kwat dai ki saki daga rarar baya. Wanda ba shi da rara, sai ki farke gefe biyu daga sama kamar inci 4, ki yanke ƙugun a nan, ki cusa ƙyalle mai siffar V, inci 1 kowane gefe. Ƙyallen daga ƙasan ƙafar wandon za ki samo shi don launi ya zo ɗaya. A nan kaɗai nake yarda a taɓa tsawo da wuri, shi ma ki yanki kaɗan, ki bar rara mai yawa.

5. Hantsa mai lilo

Wani wandon ko an rage ƙugu hantsarsa tana reto. Juya shi, ki kama ɗinkin cikin ƙafa a daidai mahaɗar hantsa, ki shiga rabin inci, ki saki layin a hankali zuwa gwiwa a kowace ƙafa. Kada ki wuce inci 1. Wanda ya fi haka sai an cire ƙugu gaba ɗaya da zif an sauke, wannan kuma aikin tela ne, a gida gyaran gangar Abzinawa yake zama.

6. Tsuke ƙafa

Samarin yanzu kowa fensir yake so. Ba laifi, amma ƙafa tana da haƙƙi. Ɗauki tef ki zagaye dunduniyar mai wando zuwa saman ƙafarsa, ya miƙe yatsu kamar zai sa wando. Zagayen bakin ƙafar wandon dole ya fi wannan awon da aƙalla inci 1, sai fa in yadin mai talewa ne. Autana ya taɓa matsa min da "Umma ƙara matsewa, ƙara matsewa", na biye masa. Da daren sallah sai da muka sa masa leda a ƙafa kafin wandon ya shige, da ya zo alwala kuma ko taƙi ɗaya ya ƙi naɗuwa. Rarar na riga na yanke. Tun daga ranar ba na yanka sai an sa wando, an tsuguna, an naɗe shi zuwa ƙwauri a gabana.

Farke tsohuwar kalmasa ki goge ta miƙe. Juya wandon, shimfiɗa shi a tabarma ko tebur, ki ɗora tsohon wandon nan na ma'auni a kai ki ga bambanci. A ce faɗin bakin ƙafa a shimfiɗe inci 9 ne, kina son 7. Bambancin 2 ne, sai ki shiga inci 1 a ɗinkin waje, inci 1 a na ciki. In kika kwashe duka daga gefe ɗaya, karin guga zai bar tsakiyar ƙafa, wandon ya riƙa murɗewa yana kallon gefe. Layin ya faro daga ƙasa ya hau yana sirancewa har ya shige tsohon ɗinki sama da gwiwa. A bi shi da doguwar tafiya, gajeren layi kumburi yake bari a cinya.

A jins galibi ɗinkin ciki ne mai naɗi da layi biyu, na waje kuma sassauƙa. In abin da za ki rage bai wuce inci 1 ba, ki ɗauka daga sassauƙan kawai, ba za a gane ba. Ya fi haka, ki daure ki farke duka biyun.

Don ƙafafun su zo ɗaya, auna nisan layinki daga tsohon ɗinki a wuri uku, ƙasa, ƙwauri da gwiwa, ki mayar da lambobin a ɗaya ƙafar. Duk ɗinkin ki fara daga sama ki sauko, kada wani ya hau wani ya sauka. A gwada, sannan ki yanke rara ki bar rabin inci, a yi wibin.

7. Tsawo

Mai wando ya tsaya sosai yana kallon gabansa. In ya sunkuya yana leƙen abin da kike yi, awo ya lalace. Tambaye shi inda yake so, wani a kan takalmi, wani sama da idon sawu. Naɗe ƙafa ɗaya ki soke. Bayan ya cire, auna daga hantsa zuwa alamar, ki mayar da awon a ɗaya ƙafar.

Alamar nan ba wurin yanka ba ce, wurin ninki ne. Ki sake karanta wannan kafin ki ɗauki almakashi. Wandon yadi ki bar inci 1 da rabi ƙasa da alamar, jins inci 1. Na yaro mai tasowa ki bar har inci 3 a ciki, baɗi ki saki.

Wandon yadi da hannu ake kalmashe shi don kada ɗinki ya fito. Yi wa bakin wibin, ninka a kan alama, goge, sannan ki riƙa ɗaukar silin yadi ɗaya ko biyu daga jikin wandon da bakin allura, ki shiga cikin kalmasar, kina barin zaren sako-sako. In kika ja da ƙarfi za a ga 'yan ramuka a jere ta waje. Akwai siririn gam da ake sa wa a tsakani a bi da guga, yana fitar da mutum kunya ranar gaggawa, amma bayan 'yan wanki yana saki.

Jins ninki biyu ne, rabin inci sau biyu, a bi da keke. Inda ɗinkin gefe ya naɗu yadi ya taru ya yi tudu, a nan allura take karyewa. Ɗora wurin a kan turmi ko dakali ki bubbuga da guduma ya kwanta. In kin iso tudun, sauke ƙafa daga feda ki juya keken da hannu, ki cusa ninkakken kwali a bayan ƙafar keke don ta daidaita.

Masu son asalin bakin jins da koɗewarsa, ga hanya. In inci 3 za ki rage, naɗe ƙafar waje yadda daga ninkin zuwa gindin tsohuwar kalmasa zai zama inci 1 da rabi. Daidaita ɗinkin gefe da gefe, ki ɗinka zagaye dab da tsohuwar kalmasar ba tare da kin hau kanta ba. Tura rarar ciki, sauke bakin, goge. Mahaɗar tana ɓuya a jikin tsohon ɗinki.

In babu keke kwata-kwata, duk abin da na faɗa yana yiwuwa da hannu, da ɗinkin koma-baya: ki soka gaba, ki dawo ramin baya, ƙanana a matse, zare ninki biyu. Wandon yadi yini ɗaya ya isa. Jins kuwa yatsa zai faɗa miki, ki nemi abin kare yatsa ko ki naɗa filasta.

8. Guga da gamawa

Cire zaren kamu, tsince guntayen tsohon zare, ki goge alli da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wandon kwat da duk mai santsi kada dutse ya taɓa shi kai tsaye, zai yi ƙyalli mai wuyar fita. Shimfiɗa jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai tukuna. In dutsen gawayi ne, ki busa tokar a waje kafin ki kawo shi kusa, ƙwayar wuta ɗaya ta isa ta huda yadin roba. Sawun tsohuwar kalmasa ko tsohon ɗinki ki jiƙa shi, ki kankara da farce a hankali, ki danna da dutse ta bayan ƙyalle. Haɗa ɗinkin ciki da na waje su hau juna kafin ki fitar da kari.

Guntayen da kika yanke kada ki zubar. Ni a tsohon gwangwanin madara nake tara su. Gwiwar wandon ɗan firamare ba ta kai ƙarshen zango, ranar da ta huje sai ki zaro mai launinsa, ki sa ta ciki ya wuce ramin da inci 1 kowane gefe, ki bi da keke gaba da baya har wurin ya cike.